Malam Garau da Allurar Baya

Da hantsin ranar Laraba, sha tara ga watan Fabrairu, ina tsaye a bakin famfon ɗakin gwaji ina wanke hannu, babbar nas ta ɗakin maza ta leƙo ta ƙofa. Ba ta shigo ba, ba ta kuma rangaɗa sallamar nan tata da ke firgita kwalabe ba. A hankali ta ce, "Malam Garau ya cika." Na bar famfo yana zuba har sai da wani ya zo ya rufe. Allah ne ya ba mu aronka, Shi ne kuma ya karɓi abinsa, kuma dukkanmu can muka nufa.

Malam, na san da kana nan da ka fizge takardar nan daga hannuna, ka ɗaga ta wajen taga, ka runtse ido ɗaya, ka ce rubutun ya yi kauri. Sai ka yi haƙuri. Fiye da shekara ashirin muna ɗaki ɗaya, bencinka na kallon taga, nawa na kallon bango, kuma ban taɓa kai ƙarshen magana ba ka katse ni ba sai yau.

Saboda waɗanda ba su san ka a wurin aiki ba, bari in faɗi abin da kake yi. Akwai wani ruwa da Allah ya kewaye ƙwaƙwalwa da laka da shi. Idan likita ya yi zargin sanƙarau ko wata cuta da ta shiga can, sai ya sa doguwar allura a ƙasan bayan majinyaci ya ɗibi kaɗan a cikin 'yan kwalabe. Wannan ruwan lakar shi ne naka. Kai ke ƙirga fararen ƙwayoyin jinin da ke ciki, ka auna sikarinsa da furotin ɗinsa, ka shafa ɗigo a kan gilashi ka rina, ka sa a ƙarƙashin madubin ganin ƙwayoyin cuta. Ni kuwa fitsari da bayan gida ne rabona, kuma ba ka taɓa bari na manta ba. Kai ka naɗa ni Sarauniyar Fitsari tun makona na farko, sunan ya bi ni har gidan mijina.

Kana da ra'ayi a kan darajar ruwayen jikin ɗan Adam, kuma duk ɗalibin da ya shigo ɗakin sai ya ji shi. Jini, in ji ka, kayan kowa ne, sauro ma yana samu ba tare da takardar likita ba. Fitsari kuwa ko ba a roƙa ba mutum zai bayar. "Amma wannan," sai ka ɗaga kwalba da yatsu biyu, "sai an kwanta, an lanƙwashe, an yi addu'a, sannan ya fito ɗigo-ɗigo kamar ana biyansa." Ruwan mai lafiya fari ne tas kamar ruwan sama. Duk lokacin da ka ɗaga kwalba wajen taga ka gan shi haka, sai ka kwarma ihu, "Garau!" har masu jiran sakamako a baranda su ji. Daga nan sai ka juya ka ja wa ɗalibai kunne cewa ido ba ya yanke hukunci, sai an ƙirga, an auna, an rina. Su dai ihun suka riƙe. Da shi suka sa maka suna, har matarka, wadda duk muke kira Mama, ta koma kiran ka da shi.

Ruwan laka ba ya son jira, ba ya kuma son sanyi; ƙwayoyin da ake nema a cikinsa lalacewa suke yi in aka bar shi. Don haka ba ka yarda a aiko maka da shi a tire tare da sauran kwalabe. Da kanka kake zuwa bakin gado ka karɓa, ka sa a aljihun ƙirji, ka dafe da tafin hannu kamar mai rantsuwa a kotu, ka kamo hanya da wata irin tafiya da ta fi sauri amma ba ta kai gudu ba. Ba ka amsa gaisuwar kowa a wannan halin. Wata rana a kwanar ɗakin magani ka yi karo da shugaban asibiti na lokacin, yana zagayawa da baƙi. Tabaransa ya yi gefe, takardunsa suka watse. Ka zaro kwalba, ka duba ta sama da ƙasa, ka sauke numfashi ka ce, "Alhamdulillahi, babu abin da ya same shi." Shugaba, yana lalubar tabarau a ƙasa, ya ce, "Na gode, Malam, lafiyata ƙalau." Har bawan Allah nan ya yi ritaya bai san ba shi ake nufi ba, kuma yakan ba da labarinka a matsayin ma'aikacin da ya fi kowa damuwa da lafiyarsa.

Halin bai tsaya a asibiti ba. Mama ta ba mu labarin ranar da kuka fara zuwa gidan iyayen yarinyar da babban ɗanku yake nema. Aka kawo muku ruwa a kofin gilashi. Kafin ta ankara ka ɗaga kofin wajen taga, ka runtse ido, ka ce, "Akwai 'yan abubuwa a ciki, amma ba masu kisa ba ne." Ta ce ta mintsine ka har sai da farcenta ya yi zafi. Can sai uban yarinya ya buga cinya ya ce ai shi wata nawa yana faɗa a wanke tankin gidan nan ba wanda ya saurare shi. Kafin ku tashi kun hau saman rufi tare kuna leƙen tanki, an bar mata a ƙasa da maganar aure. Surukin nan naka shi ne ya fi kowa kuka ranar Laraba.

Da yake na faɗi ihunka, dole in faɗi shirunka. Idan kwalba ta zo ruwanta ya yi gurɓi kamar an ɗiga madara, ba ka cewa komai. Za ka ajiye shayinka ya huce, ka yi aikin a tsaye, kuma da zarar ka ga abin da ke ciki ba ka jiran masinja. Kai ke kai sakamakon hannun likita, ka tsaya a bakin gado, hannu a baya, har sai ka ga an ɗaura maganin farko. Likitoci sun sha korar ka cikin raha, kana cewa kai dai iska ka fito sha.

Babban aikinka kuwa, wanda babu shi a takardar ɗaukar aikinka, shi ne lallashin iyaye mata. An daɗe ana yaɗa cewa allurar baya tana gurgunta yaro. Likita zai ga yaro da zazzaɓi, wuya ya sanƙare, haske na damun idonsa, ya ce a ɗebi ruwan laka, uwa ta ƙanƙame ɗanta ta ce sai dai a bi ta kan gawarta. In likita ya gaji, nas ta gaji, sai a ce a kira Malam Garau. Kana zuwa sai ka cire farar rigarka ka rataye a ƙarfen gado, ka tsaya gaban matar ka bugi ƙirji.

"Baiwar Allah, dube ni da kyau. Tun kina goye nake tare da allurar nan, kullum ta Allah. Kin ga na gurgunce?"

Sai ka taka zuwa ƙofa ka dawo, ka tsaya da ƙafa ɗaya, wani lokaci har da ɗan tsalle, tumbi na rawa, makullai na kaɗawa a aljihu. Matar da ke kuka sai dariya ta ƙwace mata, kuma wadda ta yi dariya ta kusa sa hannu. Dukkanmu mun ɗauka an yi maka allurar, ba sau ɗaya ba ma. Ba ka taɓa cewa an yi maka ba. Ba mu kuma taɓa lura cewa ba ka faɗa ba.

A ƙarshen shekarar da ta wuce ciwon kai ya kama ka, ka ce rashin shayi ne. Sai ka fara ganin ƙwaya biyu inda ɗaya take. Ka ɗora wa madubi laifi, ka sa aka kwance shi aka goge. Ka ɗora mini laifi, ka ce na taɓa maka shi da hannun fitsari. Ranar da ka ɗago kai ka gan ni mu biyu, ka ce ɗaya ma ta ishe ka jaraba, ranar ka yarda aka kai ka wurin likita. Ƙafafunka kuma sun fara nauyi. Aka kwantar da kai, aka yi hotuna, sannan likitar ƙwaƙwalwa, wadda kai ka koya wa riƙe kwalba tana ɗaliba, ta ce sai an ɗebi ruwan lakarka. Ka ce mata ai wannan ƙaramin abu ne, ta sa lokacin da ta ga dama.

Lokacin ya yi, ta zo da tirenta, ta tarar da gado babu kowa, silifa a ƙarƙashinsa. Aka duba banɗaki, aka duba masallaci, aka tambayi masu gadi. Ni na same ka, a cikin sito na ɗakin gwaji, bayan kwalayen safar hannu, kana zaune a kan bokitin da ka kifa, sanye da rigar majinyata mai ɗaurin baya.

Na ce, "Malam, me kake yi a nan?"

Ka ce, "Ina duba ko kayan nan sun lalace."

"Da wannan rigar?"

Ka leƙa bayana ko akwai wani, sannan ka rage murya. "Ƙanwata, kin taɓa tsayawa kin kalli tsawon allurar nan kuwa?"

"Ai kai ne kullum kake tare da ita."

"Ni da kwalba nake tare. Allurar daga nesa muke gaisawa."

Ban gama haɗiye wannan ba sai ga Mama a bakin ƙofa, da jakarta a hammata. Na ce mata ashe ba a taɓa yi maka ba. Ta dube ni kamar na tambaye ta ko wuta na da zafi. Ta ce, "Wannan? Ranar da aka yi wa ɗanmu na fari rigakafi, yaro bai yi kuka ba, uban aka shimfiɗar a benci ana yi wa fifita." Sannan ta juya gare ka. "Ko ka tashi ka je ka kwanta, ko in wuce ɗakin yara yanzu in tara matan nan in ba su labari."

Ka ce, "Ba za ki yi mini haka ba."

Ta gyara jaka ta juya. Kafin ta kai ƙofar waje ka miƙe.

Aka kwantar da kai a gefe ɗaya, gwiwoyi a ƙirji, fuska na kallon bango, kuma bangon ka yi ta ba umarni: kwalba nawa za a cika, wacce za a fara, kada a girgiza, kada a ajiye kusa da fanka. Likita ta goga maka auduga mai sanyi a baya, ka ƙwala ihu, "Wayyo Allah, ta shiga!" Ta ce, "Malam, auduga ce." Daga nan ka kama addu'o'i, duk wadda ka sani, har da ta shiga kasuwa da ta hawa mota. Mama na riƙe da hannunka, ni ina riƙe da dariyata. Can ka tsaya ka ce, "Likita, in za ki yi ki yi, ki daina ja mini rai." Ta zagayo gabanka ta nuna maka kwalabe a cike.

Daga kwancen ka karɓi ɗaya ka kalle ta a hasken taga. Ka daɗe kana kallo. Sannan ka miƙo mini ka ce, "Ba wanda zai taɓa ruwana sai Sarauniya. Sa a aljihu. Yi sauri. Kada ki gaisa da kowa."

Na zauna a bencinka, na ƙirga, na auna, na rina, na sa ido a madubi. Fararen ƙwayoyi sun ɗan yi yawa, furotin ya hau, sikari ya sauka. A tsakaninsu kuma ga wasu manyan ƙwayoyi a dunƙule, masu faffaɗar cibiya mai duhu, irin waɗanda kake nuna wa ɗalibai a tsofaffin gilasanka kana kiran su baƙin da ba a gayyata ba. Na goge idona na sake dubawa, ina fatan ni ma gani biyu ya kama ni. Na kai wa babban likitan gwaji, ya duba, ya cire tabarau ya ajiye. Cutar daji ce, ta taso daga wani wuri a jikinka ta bazu har rufin ƙwaƙwalwa da laka.

Likitarka ta gaya maka a gaban Mama, ba ta ɓoye komai ba. Ka saurara har ƙarshe, karo na farko a sanina, sannan ka ce kai ba ka karɓar sakamakon da ba ka gani da idonka ba. Haka muka ɗora madubi a keken rabon magani, muka tura shi tun daga ɗakin gwaji har bakin gadonka, majinyata na ɗaga kai suna kallo. Aka tallafe ka ka zauna. Ka rufe ido ɗaya da tafin hannu, ka sa ɗayan, kana murza madubi a hankali.

Ka ce, "Wa ya yi rinin nan?"

Na ce, "Ni ce, Malam."

"Shuɗin ya ɗan yi yawa." Ka ƙara murzawa. "Amma komai ya fito. Ko makaho ya gan su. Daga gobe ki koma bencin taga."

Mama ta fara share hawaye da bakin mayafi. Ka ɗago ka ce a ajiye gilashin nan don ɗalibai, irinsa ba ya samuwa kullum. Ka ce kada in sa sunanka a jiki, in rubuta kawai: dattijo, jarumi, bai ji tsoron allura ba. Mama ta fashe da dariya cikin kuka har ta sarƙe, sai da nas ta kawo mata ruwa. Gilashin yana cikin akwatin koyarwa yanzu. Dattijo kawai na rubuta, Malam. Sauran ka san ba zan iya ba.

Makonnin da suka biyo baya ƙafafunka suka ƙi ɗaukar ka, aka koma tura ka a keke. Wata safiya labari ya iso ɗakinku cewa an kawo wata yarinya ɗakin yara, jiki kamar wuta, wuya a sanƙare, uwar kuma ta rantse ba mai taɓa bayan 'yarta. Ka ce a tura ka can. Mama ta hana, ka ce yau ne kaɗai kake da cikakkiyar hujja, ba za a hana ka amfani da ita ba. Ni na tura keken.

Ka sa na tsayar da kai gaban matar. Ka juya da ƙyar, ka ɗage riga, ka nuna mata ɗan tabon da ke bayanka, fuskarka cike da alfahari. "Baiwar Allah, dube ni da kyau. Ni da kike gani, an yi mini allurar nan. A nan, a wannan asibitin."

Matar ta dubi tabon, ta dubi keken, ta dubi ƙafafunka a kan matakinsa. Ta ƙara rungume 'yarta ta ce, "To ai ga shi nan, Baba. Ta gurgunta ka."

Nas ɗin da ke kusa ta juya baya, kafaɗunta na rawa. Kai ma ka yi dariya har tari ya sarƙe ka. Da tarin ya lafa sai ka dubi yarinyar, idonta a rufe, numfashinta sama-sama, dariyar ta bar fuskarka. Ka ce in taka birkin keken. Ka dafa hannuwansa, ka yunƙura, ka koma. Ka sake yunƙurawa. Na kai hannu, ka ce, "Kada ki taɓa ni." Ka miƙe tsaye, gumi na tsatsafo maka. Ka ja ƙafa ɗaya, ka ja ɗayar, kana bin ƙarafan gadaje har ka kai ƙofa, ka juyo ka dawo. Babu tsalle a wannan karon. Ka tsaya gabanta kana haki ka ce, "Keken nan na lalaci ne, 'yata. Ki bari su duba ta."

Ta sa hannu. Ni na ɗauko kwalbar a aljihuna. Ruwan ya yi gurɓi, sanƙarau ne, kuma an kama shi da sauran lokaci. Wannan ita ce tafiya ta ƙarshe da ka yi da ƙafafunka.

Matar ta zo yi wa Mama gaisuwa shekaranjiya, yarinyar na biye da ita tana tsalle-tsalle a tsakar gida, ana ta kama ta ana zaunarwa. Da ta gama addu'a sai ta matso kusa da Mama ta ce, "Ni fa har yanzu gani nake allurar nan ce ta kwantar da Baba. Amma da na ga ya tashi saboda 'yata, sai na ce ko gurguwa ce a ba ni ita da rai." Mama ta buɗe baki za ta yi mata bayani, sai ta fasa, ta jawo yarinyar ta ɗora a cinya.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Mama, wadda ta yi haƙuri da kai fiye da yadda mu muka yi, kuma ta fi mu rashi, ga 'ya'yanka da jikokinka, ga surukanka, ga abokan aikinmu na ɗakin gwaji da na ɗakunan jinya, da ɗaliban da suka watsu a asibitoci suna dafe aljihu in sun ɗauko kwalba. Allah ya ba mu haƙurin rashinka, ya albarkaci abin da ka bari.

Allah ya jiƙanka, Malam. Ya yafe maka kurakuranka, ya yalwata maka kabarinka, ya haskaka shi. Ya sa ciwon da ka sha ya zama kankarar zunubi, ya sa kowane yaron da ya tashi daga gadon asibitin nan ya tafi gida da ƙafafunsa ya zama nauyi a mizaninka. Ka ƙare rayuwarka kana duba sakamakon mutane a tsanake, kullum da fatan ka ga alheri. Allah ya duba naka da idon rahama, ya sa Aljanna ce makomarka, ya kyautata namu ƙarshen in lokacinmu ya zo. Amin.